Zauren Tambayoyi: "Ina farawa da ɗoki, kwana tara sai in watsar"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana uku. Likita ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa motsa jiki. Na sayi igiyar tsalle, ina bin bidiyo a waya minti 40 kullum. Kwana tara na yi na watsar. Haka nake da aikin gida: ranar da na ga dama in gyara ko'ina tas, ranar da ban ga dama ba kwanuka su kwana. Yaya zan yi ɗokin nan ya zauna min?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara lafiya. Ɗoki ba ya zama wa kowa, don haka ki daina jiransa. Ki tuna asubar hunturu, ruwan buta kamar ƙanƙara, bargo yana riƙe ki. Kin taɓa tsayawa sai kin ji marmarin alwala? Ladan yana kira kike tashi, domin lokacinta sananne ne, ba ki sake yin shawara da zuciyarki a kai. Abin da motsa jikinki ya rasa ke nan: ba shi da turke. Ana cewa sabo turken wawa, amma turken nan mai hankali ma yana bukatarsa.

Minti 40 na tsalle ga wadda ta daɗe ba ta motsa ba, ai ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato minti 30 a kwanaki biyar, kuma tafiya da ɗan sauri ta isa. Ke ma kada ki fara da 30. Ki fara da 10, ki ɗaura shi a jikin abin da ba kya fashinsa. Ni nawa a sallar asuba na ɗaura. Tun da daddare nake ajiye takalmina a gefen darduma. Ina shafa addu'a, ban ko cire hijabi ba, sai in zura ƙafa in fara zagaya tsakar gida, azkar ɗina a baki. Akwai ranakun da jikina ke yi min nauyi ƙwarai, amma da na yi zagaye uku sai in ji ya saki. Kuzarin a cikin tafiyar yake zuwa, ba kafin ta ba.

Kwanukan ma haka. Ana kwashe tuwo ki zuba ruwa a tukunya tun da zafinta, kafin ƙanzo ya kama. Ana idar da isha'i a wanke abin da aka ɓata, babban yaronki yana ɗauraya. Ai kin san hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Kwana tara kuwa bai isa ki yanke wa kanki hukuncin ragwanci ba, wannan ne ya fi damuna a wasiƙarki. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan kan mutum 96 ya gano cewa sabon abu kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254. Kwana 66 ɗin nan kusan tazarar ƙaramar salla zuwa babba ke nan. Sun kuma ga fashin rana guda bai rushe sabon ba. In yaro ya kwana da zazzaɓi kin makara, washegari ki koma, kada ki ce sai Litinin.

Igiyar tsallen ki rataye ta tukuna, sai kin tambayi likitanki ko ta dace da jininki. In ya ba ki magani kada ki ajiye shi don kin fara tafiya. Ki samo kalanda ki riƙa yin alama duk ranar da kika zagaya, bayan wata biyu ki sake rubuto min in ji abin da awon jinin ya nuna.