Sun ƙi sabunta kwantiragina bayan shekara 4, zan iya kai su kotu?

Tambaya: Barista, ni mataimakiya ce ta musamman ga shugaban ofis a wata hukumar ƙasa da ƙasa mai tallafa wa yara. Ni ke tsara masa ganawa da tafiye-tafiye, ni ke rubuta bayanan taro. Shekara 4 ana sabunta min kwantiragi duk shekara. Da aka kawo sabon shugaba, sai aka rubuto min cewa ba za a sabunta ba, ba a kuma faɗi dalili ba. A ganina kora ce ba bisa ƙa'ida ba, ina so in je kotun ma'aikata.

Amsa: Malama, ban ga takardar ɗaukarki aiki ba, don haka duk abin da zan faɗa yana iya canzawa idan na karanta ta. Amma bari in fara da kalmar "kora". A idon doka, kora daban, ƙarewar wa'adi daban. Wanda aka ɗauka na shekara 1, ranar da shekarar ta cika aikinsa ya ƙare da kansa. Na san abin yana da ciwo, musamman ga wadda ta riƙe ofis da sirrinsa tsawon wannan lokaci, sai dai yawan sabuntawa shi kaɗai ba lallai ne ya ba ki haƙƙin a sake ba.

Sai maganar kotu, kuma nan ne nake jin kin fi yin kuskure. Idan hukumar tana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, to yarjejeniyar da aka ƙulla a 1946 kan kariyar Majalisar ta ba ta kariya daga kotunan ƙasashe. Da wuya alƙali ya saurari ƙarar, kuɗin lauya kawai za ki yi asara. Majalisar tana da nata tsarin shari'a na cikin gida, wanda ake amfani da shi yanzu ya fara ne a 2009, kuma dokokin ma'aikatanta sun faɗa ƙarara cewa kwantiragi mai wa'adi ba ya ɗauke da alkawarin sabuntawa, komai daɗewar mutum a aiki.

Wannan ba ya nufin ba ki da ta cewa. Ana iya ƙalubalantar hukuncin idan an gina shi kan son rai, ko wariya, ko ramuwar gayya, ko kuma idan an yi miki alkawari a rubuce. Amma ke za ki kawo hujja. "Sabon oga ba ya so na" zato ne, ba hujja ba. Duk da haka ban ji daɗin yadda suka yi shiru kan dalili ba. Ki rubuta musu cikin ladabi ki nema.

Ki lura da lokaci. Kwana 60 kike da su, daga ranar da aka sanar da ke, ki nemi hukumar ta sake duba hukuncin. Sai bayan wannan ne ake zuwa kotun sasanta rikicin ma'aikata ta Majalisar, mai zama a New York da Geneva da Nairobi, galibi cikin kwana 90 da samun amsa. Wanda ya makara, ƙararsa takan mutu tun ba a duba gaskiyarsa ba. Akwai ofishin lauyoyin ma'aikata da ake kira OSLA, ba ya karɓar kuɗi. Wannan duk idan cikakkiyar ma'aikaciya ce ke. Wanda aka ɗauka a matsayin ɗan kwangila, wato mutumin waje da aka ba wani aiki ba tare da ya zama ma'aikacin hukumar ba, ba ya shiga wannan kotu.

Idan kuwa ƙungiya ce mai zaman kanta, dokar ƙwadago ta ƙasar da kike aiki ce za ta yi hukunci, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Ko a can, wa'adin da kika sa wa hannu ne za a fara dubawa.

Shawarata, idan hukumar ta Majalisar ce, ki fara da ofishin mai shiga tsakani da ke sulhunta ma'aikata da hukuma. Ko kin yi nasara a kotun Majalisar, hukumar na iya zaɓar biyan diyya maimakon mayar da ke, kuma diyyar ba kasafai take wuce albashin shekara 2 ba. A teburin sulhu kuwa kina iya samun ƙarin 'yan watanni, ko wani gurbi, ko takardar shaida mai kyau. Amma kada ki ɗauka shiga sulhu ya tsayar da ƙirgar kwana 60, sai an ƙara miki lokaci a rubuce.

Kuma don Allah, tunda kina da damar shiga imel ɗin shugaba, kada ki kwafi komai daga ciki da sunan tara hujja. Wannan kaɗai ya isa a tuhume ki da saɓa dokar sirri. Ki tsaya kan takardunki: kwantiragi, rahoton ƙwazon aiki na kowace shekara, da wasiƙun da aka aiko miki da sunanki.