Ina ɗakunan wasan bidiyo na manyan kantuna suka shige?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka fara buɗe ɗakunan wasan bidiyo a cikin rukunin shagunan Amurka, da abin da ya durƙusar da su.

Tushen abin shi ne wasan Pong, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1972. Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai da Space Invaders ya fito daga Japan a 1978, Pac-Man ya biyo baya a 1980. Masu rukunin shaguna kuwa sun ga riba: iyaye na can suna sayayya, yara na nan suna zuba kuɗi. Ɗakin duhu-duhu, injuna a jere jikin bango, ka jefa kwandalar senti 25 ta kuɗin Amurka, wasa ya tashi. Idan layi ya yi tsawo, sai ka ɗora kwandalarka a gefen gilashin, kowa ya san kai ne na gaba. Wanda ya fi kowa maki ya rubuta haruffa uku na sunansa, shi ke nan ya zama gwani har a sami mai ture shi. Kamfanin ɗakunan wasa na Aladdin's Castle ya yi fice a wannan harka, yana da ɗaruruwan rassa, kafin Namco ya saye shi a 1993.

Da kasuwar ɗakunan ta ja baya, wasan Street Fighter II ya farfaɗo da su a 1991, amma a ganina PlayStation, injin wasan bidiyo na gida, shi ne ya gama da su; wa zai biya kuɗi kowane zagaye alhali ga wasan a ɗakinsa? Waɗanda suka rage sun koma injunan tseren mota, na rawa, da masu ba da tikitin kyauta.