Ƙaurin suna daban, baƙin jini daban

Tambayoyin da suka taru mini a wannan karon kusan hanya ɗaya suka bi, wato yadda Bahaushe ke kiran mutum ko wuri ko abin da sunansa ya ɓaci. Shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wata malamar firamare daga Bolari, Gombe: Allah ya gafarta Malam, na ji a rediyo an ce wani attajiri ya yi ƙaurin suna wajen taimakon marayu. Na ce wa maigidana ai wannan zagi ne, shi kuma ya ce yabo ne. Wa ke da gaskiya?

Malama, ke ce da gaskiya, sai maigida ya yi haƙuri. Wannan kuskure ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ma da kunnena na taɓa jin ana ta'aziyyar wani dattijo, mai magana ya ce marigayin ya yi ƙaurin suna wajen gina masallatai, alhali 'ya'yansa na zaune suna saurare. Bai san ya zagi ubansu ba.

Ƙauri wari ne, warin abin da ya ƙone. Hausa ba ta tara wari a kalma ɗaya ba. Na kifi da jini da ɗanyen nama ƙarni ne, na fitsari zarni, na bunsuru hamami, na mushe ɗoyi. Ƙauri kuwa na tuwon da ya kama ne, ko tsumman da ya faɗa wuta, ko gashin da aka babbake. To, ki duba hikimar waɗanda suka zaɓi wannan wari suka jingina shi ga suna. Ƙauri ba ya zama a madafa, sai ya tsallake katanga ya shiga gidan maƙwabta, sau da yawa ma su ne za su fara kwaɗa wa mai girkin kira tun ita ba ta ankara ba. Sannan ko an juye tuwon a sabuwar tukunya, wanda ya kai loma zai ji shi. Abu na uku, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: tukunya ba ta kamawa sai da wutar mai ita. Wanda ya yi ƙaurin suna shi ya hura wutar da ta ƙona sunan nasa.

Ina zargin wayar hannu da hannu a wannan ruɗani. Mutane da yawa ba sa rubuta ƙ mai lanƙwasa, sai su rubuta "kaurin suna". Yaron da ya tashi yana karanta haka sai ya ɗauka kauri ake nufi, irin na bango ko na igiya, wato suna mai kauri, babban suna. Daga nan sai ya ɗauki kalmar ya yaba wa mutumin kirki da ita. Ƙugiya ɗaya ce ta raba yabo da zagi a nan.

In alheri ake nufi, ga kalmomi birjik: ya yi suna, ya shahara, ya yi fice, ya yi zarra, ya ciri tuta. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garin Bauchi tun 1966, ya yi fice a iya magana. Hanyar da 'yan fashi suka addabi matafiya a kanta, ita ce ta yi ƙaurin suna.

Wani saurayi daga cikin garin Bauchi: Baba, na nemi aure, iyayen yarinyar suka bincika ba su same ni da komai ba, amma suka ce unguwarmu ta yi ƙaurin suna da 'yan sara-suka, wai wake ɗaya shi ke ɓata gari. Shin ma'anar karin maganar ke nan, mutum ɗaya ya ja wa garinsu duka?

Ɗana, Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin ba kai kaɗai wannan ya faɗa wa ba.

Mu fara da garin. Ba garin da ake zama a ciki ake nufi ba, garin tuwo ne, wanda ake jan wasalin farkonsa wajen furtawa. A rubutun boko duka biyun "gari" ake rubutawa, kunne ne ke rabe su. Wake yana da gafi, in ƙwaya ta shiga cikin gero ko dawa aka niƙa tare, sai a ji ta a tuwo. Abin da karin maganar ke faɗa shi ne ɗan abu kaɗan yana lalata mai yawa. Gargaɗi ne ga mai niƙa, ta tsince waken tun kafin a kai inji. Ba izini ba ne a zubar da hatsin da bai ji ba bai gani ba. Iyayen yarinyar sun tsince ka sun ga kai gero ne, sannan suka hukunta ka da laifin wake. A ganina ba su yi wa karin maganar adalci ba, balle kai.

Abin da ya same ka yana da sunansa daban a Hausa: baƙin jini. Mutane na gwama shi da ƙaurin suna, alhali akwai rata a tsakani. Ƙaurin suna aikin hannun mutum ne. Baƙin jini kuwa ƙi ne da ke iya faɗa wa mutum ko da laifi ko babu, kamar yadda farin jini ke zuwa wa wani ba tare da ya yi wa kowa komai ba. Shi ya sa Hausawa suka ce baƙin jinin muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Mai kaza dai an san dalilinsa, an cinye masa 'yan tsaki. Marar kaza fa, me aka ci masa? Ya ji ana zagi ne ya taya. Rabin karin maganar na biyu ba muzuru yake kushewa ba, mu yake nuna wa halinmu. Haka mujiya, wadda in ta kuskura ta fito da rana tsuntsaye ke taruwa a kanta, har aka samu "an mai da shi mujiya". Akwai kuma saniyar ware, wadda aka fitar daga garke.

Kuma sunan wuri ya danganta da bakin da ke ba da labari. Ka ɗauki Ningi a jiharmu ta Bauchi. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka fake a duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga nan suka yi shekaru fiye da hamsin suna gwabzawa da Kano da Bauchi da Zazzau, har zuwan Turawa a 1902. A ƙauyukan kudancin Kano a wancan zamani, in an ce "ga Ningawa nan" gudu ake yi, domin hari suke kawowa suna kama mutane. A Ningi kuwa labarin na mutanen da suka ƙi miƙa wuya ne. Duka biyun sun faru. Amma ba mai hankalin da zai hana ɗan Ningi aure yau saboda harin da Ɗan Maje, ɗaya daga cikin shugabannin Ningi na wancan zamani, ya kai.

Shawarata, ka samu limamin unguwarku ko mai unguwa ya je ya yi maka shaida. Bincike a aure al'adarmu ce mai kyau, sai dai mutum ake bincika da gidansu, ba layin da ya bi ya fito titi ba.

Wani ma'aikaci daga Misau: Malam, "in kana so ka kashe kare sai ka ba shi mummunan suna", karin maganar Hausa ce?

A'a, daga Turanci aka juyo ta, kuma ɗinkin ya nuna. Bahaushe ba ya "ba" mutum mummunan suna, ɓata masa suna yake yi, ko ya ƙulla masa sharri, ko ya yi masa ƙazafi. In kana son mai gishiri, ka ce an shafa masa kashin kaji.

Wani ɗalibi daga Dukku: Malam, mece ce ma'anar Kalare? Hausa ce ko Fulatanci? Kuma me ya bambanta su da sara-suka da 'yan daba?

Kalare ba kalma ba ce da za ka fasa ka ciro ma'ana daga cikinta, suna ne. Abin da mutanen Gombe ke faɗa shi ne laƙabin wani mafarauci ne da ya yi suna, samari masu zuwa farauta suka riƙa kiran kansu da shi. Daga baya siyasa ta shigo ta ɗauke su. An ƙirƙiri jihar Gombe daga tsohuwar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, aka dawo mulkin farar hula a 1999, kuma daga zaɓen 2003 ne sunan 'yan Kalare ya cika gari. Abin ya kai har ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta sa Gombe cikin jihohin da ta yi nazari a kansu a rahotonta na 2007 kan ta'addancin siyasa a Nijeriya. Ka ga yadda sunan mutum ɗaya ya tashi daga kirarin farauta ya zama abin da uwa ke ji gabanta ya faɗi.

Sara-suka kuwa Hausa ce tsantsa, kuma ba ta ɓoye komai ba. Sara na adda ne da gatari da takobi, suka ta wuƙa ce da mashi. An jera aikatau biyu an yi suna da su, irin ginin faɗi-tashi da kai-komo. A Bauchi aka fi jin sa, ana kuma jin sa a Jos. Daba ta Kano ce, asalinta matattarar da 'yan farauta da 'yan tauri ke zama, shi ya sa har yau ake cewa "dabar su wane". Ka lura, biyu daga cikin ukun nan daga farauta suka fito, sana'ar da a da take da sarkinta da ladubbanta da kiɗanta. Kayan aikin ba su canja ba, gora da adda da barandami, abin farautar ne ya koma mutum.

Duk lokacin da aka ambaci yaran nan, karin magana ɗaya ke zo mini: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wanda ya taɓa ganin wasan kura a kasuwa ya san hoton. An sa mata takunkumi da sarƙa, ana ja ana duka tana kuka, jama'a na watsa kuɗi, gardi na tsincewa. Yaron da aka ba ƙwaya da 'yan kuɗin kashewa ranar kamfe shi ke shan sara, shi ke kwana a gidan yari, shi ake hana wa aure da aiki, sunansa ne ya yi ƙauri. Wanda ya riƙe sarƙar kuwa ana kiransa mai girma, 'ya'yansa na makaranta. Ban ce yaran ba su da laifi ba. Waɗanda aka sara aka raba da wayoyinsu, da iyayen da aka kashe wa 'ya'ya, suna nan da ransu a Gombe da Bauchi, kuma haƙƙinsu na wuyan wanda ya ɗaga addar. Amma harshenmu ya tanadi sunaye har uku don kurar, gardin kuwa har yau ba mu raɗa masa nasa ba. Ina ganin wannan giɓi ne da ya kamata 'yan jarida da marubuta su cike.

Wata uwa daga Azare: Malam, surukata takan ce wa ɗana shaƙiyyi ko ja'iri tana dariya, abin yana sosa mini rai. Kuma mene ne bambancin ƙasurgumi da gawurtacce da riƙaƙƙe da tantiri?

'Yata, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne asalin kalmomin biyu na Larabci ne kuma masu nauyi: shaƙiyyi shi ne taɓaɓɓe marar rabo, ja'iri kuma azzalumi. Amma Hausa ta daɗe tana tauna su har kaifinsu ya dushe. A bakin kaka, shaƙiyyi yaro ne mai wayo da tsokana, ja'iri kuma mai ƙiriniya. Kada ki manta akwai wasa tsakanin kaka da jika, shi ya sa take kiransa mijinta ta kuma zage shi. Da shu'umi ta ce, wanda ya fito daga kalmar Larabci mai nufin rashin sa'a da mugun ƙashi, ko la'ananne, da na ce a yi mata magana cikin ladabi.

Sauran huɗun kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Gawurtacce yana tafiya ta kowane ɓangare, akwai gawurtaccen manomi akwai gawurtaccen ɓarawo, girma kawai yake nunawa. Riƙaƙƙe daga riƙa yake, yadda ɗan itace ke riƙa kafin ya nuna, wato wanda ya gama ƙosawa a cikin abin da yake yi, kuma yau an fi jin sa a sharri. Ƙasurgumi kusan kullum ɓarawo ko ɗan fashi yake rakawa, kada ki ce ƙasurgumin malami sai in faɗa kike nema. Tantiri shi ne wanda kunya ta bar idonsa, ba ya jin bari ba ya jin hoho. Akwai na biyar da ba ki tambaya ba, hatsabibi, wanda ake ce wa mutum ko daji ko kogi mai ban tsoro da ba a san kansa ba, wani lokaci har da ɗan jinjinawa a ciki.

Gaisuwa ga surukar taki. In kin ji ta ce masa shaƙiyyi, ki dubi hannunta, galibi akwai ƙuli-ƙuli ko alewa da take shirin miƙa masa.