Magen da ke ci tana ramewa

Ka tambaye ni, ɗana: magen da aka kawo daga Gwammaja tana cin abinci sosai amma tana ramewa, ka auna sugan jininta ka ga 290, ko ka fara yi mata allurar insulin, maganin ciwon suga? Dakata tukuna.

Mage akwai tsoro. An cusa ta a buhu, an ɗauko ta a Adaidaita Sahu cikin zafin Kano, wannan firgicin kaɗai kan ɗaga suganta zuwa kusan 300, alhali na lafiyayya bai cika wuce 120 ba. Awo ɗaya ba hujja ba ne. Tambayi mai ita: tana yawan shan ruwa? Fitsari ya ƙaru, har tururuwa na taruwa a wurin? Sake ta a tsakar ɗaki ka kalli tafiyarta. In tana taka ƙasa da dunduniyar ƙafafun baya, suga ya fara taɓa jijiya. A kawo fitsarin da ta yi a gida cikin natsuwa, ka tsoma takardar gwaji ka ga ko da suga a ciki. An fi ganin cutar a muzuru mai ƙiba da ya manyanta.

In ya tabbata ciwon suga ne, fara da insulin mai suna Lantus, yunit 1, safe da yamma, awa 12 tsakani, a ƙarƙashin fata. Kada ka ƙara yawan maganin sai an yi mako guda an sake awo.

Sirinji ne ke kashe su, ka buɗe ido nan. Lantus U-100 ne, wato yunit 100 a kowace mililita. In ka ja shi da sirinjin U-40, wanda aka yi don mai yunit 40, ka ba ta ninki biyu da rabi ba ka sani ba. Sai ka ga tana tangaɗi, jiki na rawa, har suma. A shafa mata zuma a dasashi nan take, kada a ɗura mata komai a baki, a garzayo da ita.

Maganin ya zauna a firij, ban da wurin ƙanƙara. In an ɗauke wuta, a ɗaure kwalbar a leda a sa a randa.

A daina ba ta ragowar tuwo da shinkafa. Nama, kifi, ƙwai.

Ranar da ta ƙi abinci tana amai ta kwanta laƙwas, wannan ba na gida ba ne, sai ƙarin ruwa. Kuma a ci gaba da awon suga da ɗigon jinin kunne ko da ta murmure, domin wasu kan daina buƙatar allurar bayan watanni, in aka ci gaba da yi musu sai suga ya faɗi.