Tambayoyin Masu Karatu: Gyaran Ɗakin Kwana Ba Tare da Kai Ya Ɗau Zafi Ba

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan ɗakin kwana suka zo, kuma kukan iri ɗaya ne: ana son gyara, an rasa bakin zaren. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Wata uku ke nan ina son gyara ɗakin kwanana. Na tara hotuna sun fi ɗari a waya, amma duk lokacin da na tsaya a tsakiyar ɗakin sai in rasa ta inda zan fara, in ja ƙofa in fita. Don Allah ta ina ake farawa? (Wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, hotunan nan su suka ɗaure miki kai. Kowanne ɗakin wani ne, da girmansa, da tagarsa, da haskensa, ke kuma kina son ki cusa su duka a ɗaki ɗaya. Ki ware uku da suka fi kwanta miki a rai, ki duba abin da ya haɗa su. Sau da yawa za ki tarar abu ɗaya ne ko biyu, misali bango mai haske da gadon katako mai duhu. Ki rubuta shi a takarda, sauran hotunan ki daina buɗe su.

Rana ta farko ba ta sayayya ba ce. Ki fitar da duk abin da bai shafi barci ko sa tufafi ba: kwalayen da ke saman wadrob, jakunkunan da aka tura ƙarƙashin gado, kujerar nan da ta zama wurin jibge kaya. Ɗakuna da yawa da ake cewa suna son ado, shirgi ne kawai ya cinye su.

Rana ta biyu ki ɗauko tef na awo. Ki auna tsawon kowane bango, da tsayinsa daga ƙasa zuwa silin, da faɗin ƙofa da taga, da nisan taga daga ƙasa, sannan ki lura da inda soket da makunnin wuta suke. Ki zana ɗakin a takarda, kowane santimita 5 a matsayin mita 1. Ki ɗauki hoton zanen a waya, domin duk inda kika ga kaya ya ba ki sha'awa, shi za ki fara tambaya.

Aikin kansa daga sama yake gangarowa. A fara da gyaran abin da ya lalace, wato yoyo, tsagewar bango, wayar wuta. Sai fentin silin, sai bango, sai ƙasa. Bayan nan gado da katifa su shigo, wadrob ya biyo, sannan labule da fitilu. Hotunan bango, ƙananan matasai da kwalaben turare su ne na ƙarshe, kuma su ne mutane suka fi saurin saya da farko saboda sun fi sauƙin ɗauka. Illar karya wannan jeri a bayyane take: wanda ya shimfiɗa kafet kafin fenti zai kankare ɗigo, wanda ya yi fenti kafin mai gyaran wuta ya zo zai ga an fasa masa sabon bango. Ki ɗauki mataki ɗaya a mako. Idan makon fenti ne, maganar labule ba ta taso ba.

Tambaya: Ɗakinmu mita 3 ne da mita 3.6. Maiɗakina tana son babban gado mai faɗin santimita 180, ni kuma ina ganin zai cika ɗakin. Wa ke da gaskiya? (Wani magidanci)

Amsa: Malam, ba za mu shiga tsakaninka da uwargida ba, tef zai raba gardamar. Abin da ake yawan mantawa shi ne awon da ake faɗa na katifa ne, katakon gadon yana ƙara kamar santimita 10 a faɗi da kuma tsawo. Ke nan gadon 180 zai ci 190. Idan kan gadon ya jingina da bangon mita 3, saura santimita 110, wato 55 a kowane gefe. Mutum yana bukatar aƙalla 60 kafin ya wuce ba tare da ya karkace ba, kuma mai gyara shimfiɗa kullum da safe shi zai fi jin wannan matsi a gwiwarsa. Gado mai katifar 150 zai ci 160, ya bar 70 a kowane gefe, durowar gefen gado mai faɗin 45 ta zauna daram.

Ta tsawo kuma, 360 a cire 210 na gado (katifa 200 da ƙarin 10 na katako), saura 150. Wadrob yana da zurfin santimita 60, domin abin rataye riga ba ya shiga ƙasa da haka. Saura 90 tsakanin ƙafar gado da wadrob, kuma daidai abin da ake bukata ke nan don a buɗe ƙyaurensa a tsaya a gabansa. Da a ce bai kai haka ba, sai a nemi mai ƙofar turawa gefe.

Kafin ku biya kafinta, ku shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa daidai girman gadon 190 da 210, ku bar su kwana biyu kuna kewaye su. Ku buɗe ƙofar ɗakin har ƙarshe ku ga ko tana taɓa jaridar. Idan bayan kwana biyun Hajiya ta ce har yanzu babban take so, to a saya, amma a haƙura da durowa ɗaya. Kada kuma a manta da auna ƙofar shiga da kwanar matakala: allon kan gado da ba a kwance shi yakan maƙale a hanya.

Tambaya: Na zaɓi fenti ruwan toka mai haske a jikin katin launuka, da aka shafa sai ya fito da duhu, da dare ma kamar shuɗi. Ga shi bayan wata biyu ya fara ɓarewa daga ƙasan bango ɗaya. Ina son in sake, amma tsoro nake ji. (Wata mai karatu)

Amsa: Matsala biyu ce a nan, Malama, kuma ta biyun ta fi girma, don haka da ita za mu fara. Fentin da ke kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, galibi danshi ne ke turo shi daga ciki, musamman idan kina ganin wani farin gari kamar gishiri a wurin. Ki gwada: ki manna leda mai faɗin kamar tafin hannu biyu a bangon, ki rufe gefunanta da salatif ruf, ki bar ta kwana biyu. Idan ruwa ya taru a cikin ledar ta ɓangaren bango, danshin daga bangon yake fitowa. Sai a duba bayansa, ko akwai banɗaki, ko bututun ruwa da ke yoyo, ko ruwan sama da ke kwanciya a gindin ginin. Muddin ba a toshe wannan ba, ko sau goma aka shafa fenti zai sake tashi. Idan kuma bangon a bushe yake, to ko an shafa a kan ƙura ne, ko a kan tsohon fenti mai mai da ba a goge shi da samfefa ba, ko a kan sabuwar filasta da ba ta gama bushewa ba. Maganinsa a kankare duk inda ya saki, a cike ramuka, a goge da samfefa, a share ƙurar da ɗanyen tsumma, a shafa fentin share fage, sannan launi.

Batun launi kuwa, ba idonki ne ya yaudare ki ba. Launi a ɗan ƙaramin kati ya fi haske a ido, in ya mamaye bango huɗu sai ya ƙara ƙarfi, kowane bango yana haska ɗan'uwansa. Ruwan toka kuma ba ɗaya ba ne: akwai mai sirkin shuɗi, akwai mai sirkin kore, akwai mai karkata zuwa ruwan ƙasa. Farin ƙwan fitila mai tsananin haske yana tono shuɗin nan da dare. Wannan karon ki sayi ƙaramin gwangwani, ki shafa murabba'i mai santimita 50 a bango biyu, ɗaya kusa da taga, ɗaya a lungu mafi duhu, shafi biyu. Ki dube shi da safe, da rana tsaka, da kuma dare a ƙarƙashin fitilar da za ki riƙa kunnawa. Idan kina shakka tsakanin biyu, ɗauki mai hasken.

Don kada launuka su yi miki yawa, ki tsaya a uku. Masu tsara ɗaki suna da wani rabo da suke yawan bi, 60 da 30 da 10: kaso mafi girma na bango ne, na tsakiya labule da shimfiɗar gado, ƙaramin kuma matasai da abin da aka rataya. Ba doka ba ce, amma tana rage zaɓi, wanda shi ne ciwon. Launin da kike ƙauna mai ƙarfi, ja ne ko kore shar, ki ba shi kason 10 ɗin, inda in kin gaji da shi rigar filo kawai za ki canza.

Ga lissafin fenti. Ki haɗa tsawon bango huɗu, ki ninka da tsayi. Ɗaki mai mita 3 da 3.6 da tsayin 2.7 zai ba da murabba'in mita kusan 36, a cire kamar 4 na ƙofa da taga, saura 32. Shafi biyu 64 ke nan. Lita ɗaya ta fenti mai ruwa tana rufe kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai santsi, don haka lita 7 ta wadatar, banda silin. Bango mai kaushi ya fi sha. A bar awa 2 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi, ko abin da aka rubuta a jikin bokitin, kuma kada a bari mai fenti ya tsinka shi da ruwa fiye da ƙima don ya yi auki, shi ke sa bango ya fito dabbare-dabbare.

Tambaya: Na sa gado mai kyau, na yi fenti, amma ɗakin yana nan kamar ɗakin asibiti. Me ya rage? (Wani mai karatu)

Amsa: Ɗan'uwa, ɗaga kai ka dubi ƙwan da ke silin. Muna kyautata zaton guda ɗaya ne, fari fat. A jikin kwalin ƙwai galibi akwai lamba da harafin K, mai nuna launin haskensa. Mai 6500K shi ne farin nan mai kama da hasken rana, ya dace da kicin ko wurin aiki. Ɗakin kwana 2700K zuwa 3000K yake so, mai ɗan ja-ja. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, ya isa na sama a matsakaicin ɗaki. Ka ƙara fitila a gefen gado mai kamar rabin wannan haske, da hula a kanta don kada ƙwan ya soki ido. Durowar da za ta zauna a kai ta yi tsayi ɗaya da saman katifa, ko kusa da haka. Da dare ka kashe ta sama ka bar ta gefe, za ka ga kamar an canza ɗakin.

Sai labule, inda aka fi tafka kuskure. Ana kafa ƙarfen a kan goshin taga daidai faɗinta, a rataya yadi guda a miƙe kamar an shanya zane. Ka ɗaga ƙarfen santimita 10 zuwa 15 sama da taga, ko ma kusa da silin, ya kuma zarce ta da 15 zuwa 20 a kowane gefe, yadda in an zuge labulen ba zai tare haske ba. Faɗin yadin ya ninka tsawon ƙarfen sau biyu, shi ke ba da tattarar nan mai kyau. Ya sauko har ya rage santimita 1 ya taɓa ƙasa. Ka gaya wa tela a jiƙa yadin ya bushe kafin a yanka idan na auduga ne, don yana shiga bayan wankin farko.

Kafet kuma, ƙarami a tsakiyar ɗaki shi kaɗai ba ya ƙara komai. Ya shiga ƙarƙashin kashi biyu cikin uku na gadon ta wajen ƙafa, ya leƙo santimita 45 zuwa 60 a kowane gefe, inda ƙafa za ta sauka da asuba. In babban ya yi tsada, dogaye biyu sirara a gefe da gefe sun biya bukata.

Tambaya: Gidan haya nake, an hana ni fenti da buga ƙusa. Kuma wadrob ɗina yana warin fumfuna. (Wata ɗaliba)

Amsa: Ƙanwata, gado shi ne abu mafi girma da ido ke fara sauka a kai, kuma babu mai gidan da zai hana ki canza zanen gado. Ki zuba launinki a nan da labule. Babban madubi a jingine shi da bango ta gefen taga, ba sai an rataya ba, amma a sa masa abin da zai hana shi zamewa, kuma in yara na shiga ɗakin a haƙura da jinginawar. Ƙugiyoyin mannawa suna ɗaukar ƙananan hotuna. Ki duba nauyin da aka rubuta a fakitin, ki goge bangon ya bushe kafin ki manna, kuma ki sani a bangon da fentinsa ke gari ba sa kamawa. Tsakiyar hoto ta kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Kada ki manna abu mai gilashi a saitin kanki.

Warin wadrob kuwa rashin iska ne. Ki janye shi santimita 5 daga bango, musamman in bangon waje ne. Ki fitar da kayan duka, ki goge cikin da ruwan khal, ki bar ƙofofin a buɗe yini guda har ya bushe ƙarau. Kayan da suka ɗauki warin a wanke a shanya a rana, kuma kada ki sake mayar da tufafi ko takalmi mai sauran laima a ciki.