Ƙwayoyina sun ƙi kama faranti: ganyen ne ko robar?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ni ɗaliba ce a Yamai, ina gwada ruwan ganyen sabara a kan ƙwayoyin HeLa, wato ƙwayoyin ciwon daji na ɗan Adam da ake nomawa a faranti. Farantanmu sun ƙare, aka kawo sabbi fil a cikin ledarsu. Tun daga nan in na shuka ƙwayoyin da marece, da safe sai in tarar sun dunƙule suna yawo cikin ruwa. Wani ya ce in yi murna, ganyen ne ke kashe su. Wata 3 ya rage in gabatar da aikina, barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kwantar da hankalinki, amma kada ki rubuta komai tukuna. Ɗauko faranti guda cikin sabbin, ki ɗiga masa ruwa ɗigo ɗaya. In ɗigon ya tsaya a dunƙule kamar ƙwayar tasbaha, kika karkata farantin ya gangara bai bar danshi ba, to farantin bakteriya aka kawo muku. A kan na ƙwayoyin halitta ɗigon bajewa yake ya kwanta.

Duka biyun da robar folistirin aka yi su, ido ba ya raba su. Ɗanyen folistirin ba ya shiri da ruwa, kusurwar ɗigo a kansa wajen digiri 90 ce. Sai an bi ta kansa da filasma, wato iskar gas mai cajin lantarki, ko tartsatsin lantarki a masana'anta, oksijin ya kama fatar robar, kusurwar ta sauko kusan 60. Ita kuwa ƙwaya ba robar take kamawa kai tsaye ba. Sunadaran siram (ruwan jinin da ake ciyar da ƙwayoyin da shi), wato bitronektin da fibronektin, su ke fara shimfiɗuwa kamar tabarma, sannan integirin, sunadarin kamu da ke fatar ƙwayar, ya riƙe wani ɗan gurbi a jikinsu mai suna RGD da aka gano a 1984. A kan ɗanyar roba albumin, wani sunadarin siram da ƙwaya ba ta kamawa, shi ke cinye wurin, fibronektin ɗin da ya samu shiga ma ya kwanta a murɗe, gurbin ya ɓuya. Ƙwaya ta laluba ta rasa madafa.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, maganar wanda ya ce ki yi murna. Kusan kullum sai na ji ta: wai ƙwayar da ta tashi daga faranti magani ne ya kashe ta. Ina! Ƙwayar da ba ta taɓa zama ba, wa ya tashe ta? Da idona na ga ɗalibi ya ɗauki hoton ƙwayoyi masu yawo, ya rubuta cewa saiwar da ya jiƙa tana kashe ciwon daji. Na ce ya nuna mini farantin shaida, wanda ba a sa wa komai ba, sai ya sunkuyar da kai. Da muka duba, su ma can yawo suke. Irin wannan takarda ba ta tsayawa cikin labo. Gobe za ki ji mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota yana cewa ƴan jami'a sun tabbatar, hoton na zagaya WhatsApp. Sai wata baiwar Allah mai ƙari a nono ta fasa zuwa asibiti, ta zauna shan jiƙo wata 6, ta iso mana abin ya riga ya ci jiki. Alhakinta a wuyan wa? Ko da ganye ya kashe ƙwaya a faranti da gaske, tsakaninsa da zama magani akwai tafiyar shekaru, balle wanda roba ce ta yi masa aikin.

Masu sayo kaya su ma ina da ƙorafi a kansu. Suna ganin an rubuta farantin Petri, an kashe ƙwayoyin cuta, sai su ɗauki mai araha don a rage ƴan jikkuna. Tsabta daban, gyaran fatar roba daban. Kuma don Allah a daina wanke tsoho da jabel ana maimaitawa. Otokilab, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a digiri 121 kuwa lanƙwasa folistirin yake.

Ki rubuta musu a fili cewa wanda aka gyara don noman ƙwayoyin halitta kike so, ki karanta kwalin da kanki kafin ki sa hannu. Kafin ya iso, zuba jelatin kashi 0.1 cikin ɗari a farantin da ke hannunki na minti 30, ki tsiyaye, ki shuka. Ki bar ƙwayoyin awa 24 su baje sosai kafin ganye ya shiga, da farantin shaida a gefe, daga kwali ɗaya, rana ɗaya. Ki turo mini hoton duka biyun mu duba tare.