Ina cin nama, amma ba na iya kallon kan dabba a faranti

Tambaya: Ina cin nama kamar kowa, amma duk lokacin da na ga kan dabba da idanunsa a teburin mahauci, ko aka kawo mini kifi da kansa, sai zuciyata ta tashi, abincin ya fita raina. 'Yan gidanmu suna cewa iyayi ne kawai. Shin wata lalura ce ke damuna, kuma tana da magani?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kike ji ba iyayi ba ne, kuma a mafi yawan lokuta ba cuta ba ce. Ƙyama ɗabi'a ce da ke kare mutum daga sa abin da zai cutar da shi a baki. Masanin kimiyyar halittu Charles Darwin ya yi magana a kanta tun a 1872, sannan Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nazarinta, ya nuna cewa kusan duk abincin da mutane ke ƙyama daga jikin dabba yake fitowa. Mutum yakan ƙi ganye saboda ɗacinsa, amma da wuya ganinsa kawai ya tayar masa da zuciya.

Tsokar da aka yanka gunduwa-gunduwa ba ta tuna wa kowa da wata halitta, amma kai yana da fuska, kuma ƙwaƙwalwarmu tana gane fuska cikin ƙiftawar ido, tun kafin tunani ya sa baki. Idon da ya kafe yana kallon sama, da harshen da ya leƙo ta gefen haƙora, suna sanar da ke cewa wannan abu ya taɓa numfashi. A 2016 wasu masu bincike biyu a ƙasar Norway, Kunst da Hohle, sun nuna wa mutane hoton gasasshiyar dabba, wasu da kanta, wasu kuma an cire kan. Waɗanda suka ga kan sun fi jin tausayi da ƙyama, sha'awar cin naman kuma ta ragu a wurinsu.

A nan nake so ki tsaya ki tambayi kanki, domin abubuwa biyu ne suka cakuɗe kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Idan ƙyama ce zalla, wato tashin zuciya da yamutsa fuska, to sabo yana rage ta. Rozin ya bi ɗaliban likitanci kafin su fara feɗe gawa da kuma bayan sun yi watanni suna yi, ya tarar ƙyamar taɓa gawa mai sanyi ta ragu a wurinsu. Za ki iya farawa da kallon abin daga nesa na ɗan lokaci, ba a lokacin cin abinci ba, ki riƙa matsawa sannu a hankali gwargwadon yadda kika samu natsuwa. Idan kuwa tausayin dabbar ne yake taso miki, ban ga abin da za a yi wa magani ba. Tausayi ne ingantacce, kuma ke ce za ki yanke shawarar abin da za ki ci. Abin da nake roƙon 'yan gidanku su daina shi ne tilastawa da tsokana, domin wanda aka matsa wa har ya yi amai a kan wani abinci yakan tsane shi shekara da shekaru.

Ta fuskar lafiya ba ki rasa komai don ba ki ci kai ko ƙafa ba, tunda tsoka da ƙwai da madara suna ba da furotin da bitamin B12. Sai dai ki ga likita idan abin ya fara yaɗuwa zuwa wasu nau'o'in abinci, ko kina ramewa, ko kin fara guje wa zama cin abinci da mutane, domin akwai lalurar ƙin abinci da ake kira ARFID, wadda likitocin ƙwaƙwalwa suka sanya a kundinsu na cututtuka a 2013, kuma ana magance ta. Haka nan idan ƙyamar ta zo miki kwatsam, ki tuna cewa watanni ukun farko na juna biyu sukan ƙara ta, musamman ga nama.